Masu Ƙirga Idon Matsattsaku

Idan damina ta ja baya, ruwa ya kwanta a fadamun Jahun da Miga da Ringim, masu yankan shinkafa sukan fito daga gona jini na bin ƙwaurinsu. Ba lauje ne ya yanke su ba. Matsattsaku ne ya sha ya ƙoshi ya saki, ya bar wurin yana tsiyaya har a isa gida. Masunta sun san shi, makiyaya sun san shi, yaran da ke wanka a kududdufi ma sun san shi, kuma hukuncin kowa a kansa ɗaya ne: mashayin jini ne, a barbaɗa masa gishiri ko toka ya mutu.

Amma akwai mutanen da in ka miƙa musu matsattsaku a kwalba ba za su yanke masa hukunci nan take ba. Za su ɗaga kwalbar su kalli tafiyarsa, su tambaye ka inda ka samo shi, ƙarƙashin dutse ne ko jikin dabba, sa'an nan su ce ka dawo gobe. Goben kuwa mai yiwuwa su gaya maka cewa wannan da ka kawo bai taɓa ɗanɗana jinin mutum ba tun da ya zo duniya, ba shi ma da haƙoran da zai huda fata. Mafarauci ne, tsutsotsi yake haɗiya ɗungurungum. Waɗannan mutane su ne masana rabe-raben halittu da suka ware kansu ga matsattsaku. Ba su da yawa a duniya, kuma aikinsu yana cikin ayyukan ilimi da suka fi burge ni, don kusan dukansa haƙuri ne da ƙirge.

Matsattsaku ɗan'uwan tana ne, tsatsonsu ɗaya. Ire-irensa da aka raɗa wa suna sun kusa 700, mafi yawansu a ruwan daɗi, wasu a teku, wasu a kan tudu cikin dazuzzuka masu laima. Inda ya sha bamban da tana shi ne yawan gaɓoɓin jikinsa a ƙayyade yake. Gaɓa 34 ce, ƙarami ne ko babba, na Afirka ne ko na Turai, sai dai wasu masana kan ƙirga 33 gwargwadon inda suka fara. Bakwai na ƙarshe sun haɗe sun zama faifan da yake mannewa da shi ta baya, na gaba kuma sun zama ƙaramin faifan da baki yake ciki. Wannan ƙayyadadden adadi shi ne jarin gwani, domin kowane abu a jikin dabbar yana da gurbinsa da za a iya faɗa da lamba: ido kaza a gaɓa ta kaza, kafa kaza a gaɓa ta kaza. Sai dai fatar waje tana ruɗi. Zobban da ake gani sun kewaye jikin ba su ne gaɓoɓin ba, sun fi su yawa nesa ba kusa ba. A tsakiyar jiki, gaɓa ɗaya takan ɗauki zobe uku a wani dangi, biyar a wani, a wasu ire-iren ma zobban su sake tsagewa. Sai wanda ya saba ne ke gane zoben tsakiya, mai ɗauke da 'yan ɗige-ɗigen da dabbar ke jin motsin ruwa da su, ya kafa ƙirgensa daga nan.

Kafin ƙirge akwai nema, kuma a nan ne ake gane dalilin da ya sa jama'a ba su san mafarautan ba. Mashayin jini shi ke neman ka. Da ka sa ƙafa ka motsa ruwa ya ji, ya taho yana iyo. Mafarauci kuwa babu ruwansa da ƙafarka, kai ne za ka neme shi. Yana ƙin haske, yana son abu mai tauri da faifansa zai kama, don haka ba ya son zama a zallan yashi ko laka mai santsi. Wanda ya je bakin madatsar ruwa ta Warwade, kusa da Dutse, ko gefen wani tafki a ƙasar Kiyawa, duwatsun da ke cikin ruwa mara zurfi zai riƙa juyawa ɗaya bayan ɗaya yana duba ƙarƙashinsu. Zai duba tsingaro da guntun itace da tsohon gwangwani, ya juya ganyen bado, ya ɓare gindin kacala, ya girgiza saiwar ƙainuwa a cikin farin faranti. Ba a fizgar abin da aka gani, don yakan yage. Da ɗan burushi mai laushi ko gefen farce ake ture faifan a hankali har ya saki. Dogon takalmin roba da safar hannu wajibi ne, ba don matsattsakun kaɗai ba, don tsargiya, wadda ta fi shi illa a irin waɗannan ruwaye.

Tun yana da rai gwani yake fara karatu. Launi ake fara rubutawa, da ratsi da ɗige, domin duk za su koɗe a cikin sinadarin ajiya. Sai a kalli hali. Wani da an taɓa shi sai ya dunƙule, jikinsa faffaɗa ne, ba ya iyo, sai rarrafe. Wani siriri ne mai tsawo, ja-ja ko ruwan ƙasa, da an dame shi sai ya baje jiki ya tsere yana lanƙwasa sama da ƙasa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai ido ya fara zargin dangi, ko da yake bai isa ya sa ya buɗe baki ba.

Mataki na gaba shi ne wanda ke raba gwani da ɗan koyo. Matsattsaku kusan dukansa tsoka ne. In aka jefa shi kai tsaye cikin sifirit mai ƙarfi, sai ya ƙanƙame ya zama ɗan dunƙule mai tauri, kai ya shige ciki, idanu su ɓace, zobba su cushe da juna, babu sauran abin ƙirgawa. An yi asarar samfurin ke nan. Saboda haka sai an fara sanyaya masa jiki. Ana sa shi a ɗan faranti da ruwan da aka ɗebo shi a ciki, a riƙa ɗiga sifirit kaɗan-kaɗan, a jira, a sake ɗigawa, a jira. Wasu da ruwan soda mai iska suke yi. In an yi gaggawa ya dunƙule, in an yi sakaci an bar shi ya daɗe bayan ya mutu jikin ya saki ya fara lalacewa. Ana so a kama shi daidai lokacin da ya daina amsa taɓi, ya miƙe, bai tauye ba bai kuma ja fiye da kima ba. A nan sai a share majinar jikinsa, a shimfiɗa shi a miƙe, a zuba sinadarin da zai riƙe shi a haka. Babba yakan ci fiye da awa guda ana wannan lallami. Littafi yana iya faɗa maka ma'aunin sifirit, amma sanin lokacin da za a tsaya hannu da ido ne ke koyonsa, a kan dabbobi masu yawa.

Da ya kwanta a miƙe ƙarƙashin madubin ƙara girma, baki ake fara dubawa, don a nan manyan rassan suka rabu. Akwai masu ɗan ƙaramin rami a faifan gaba, wanda wani siririn bututu ke fitowa ta cikinsa ya soki abin da za a tsotsa. Faffaɗan nan masu dunƙulewa, dangin Glossiphoniidae, a nan suke. Wasunsu ruwan jikin dodon koɗi suke zuƙa, wasu jinin kifi ko kwaɗo ko kififiya. Ɗayansu, Batracobdelloides tricarinata, sananne ne a jikin tarwada a sassa da dama na Afirka. Su ne kuma masu ɗaukar ƙwai da 'ya'yansu a ƙarƙashin ciki suna yawo da su har su yi ƙwari, abin da ba kasafai ake gani ba a halittu irin waɗannan. Sai masu muƙamuƙi uku, kowanne da jerin ƙananan haƙora, waɗanda cizonsu ke barin tsaga uku da suka haɗu a tsakiya. Su ne abokan gabar mai yankan shinkafa. Abin da ke sa jinin ya ƙi tsayawa yana cikin miyansu, kuma John Berry Haycraft ne ya gano a 1884 cewa akwai sinadari mai hana jini daskarewa a ciki, wanda daga baya aka kira hirudin. Idanunsu goma ne, biyar-biyar, sun yi baka a gefen kai.

Reshe na uku shi ne na mafarautan. Bakinsu wangameme ne, ya cinye kusan duk faifan gaba. Babu bututu, babu muƙamuƙin yanka. Abin da ke akwai shi ne dogon maƙogwaro mai ƙarfin tsoka, mai tudu uku a tsaye ta ciki, da shi suke zuƙe abinci gaba ɗayansa. Da dare suke fita. Suna cin jajayen tsutsotsin nan na cikin laka, 'ya'yan wasu ƙananan ƙwari masu kama da sauro amma ba sa cizo, da ƙananan tanar ruwa, wani lokaci da mushen kifi. Cikinsu ma yana ba da shaida idan aka tsaga. Mashayin jini yana da aljifai jere a gefen tumbi inda yake tara jinin da ya ninka nauyinsa sau da yawa, ya yi watanni bai sake ci ba. Tumbin mafarauci miƙaƙƙe ne, ba wurin ajiya, dole ya riƙa farauta a kai a kai. Shi ma kifaye da tsuntsayen ruwa suna cin sa.

Daga nan sai ƙirgen ido. Akan matse kan a hankali tsakanin gilashi biyu don baƙaƙen ɗigon su fito. Mafi shahara a mafarautan Turai, Erpobdella octoculata, wanda Linnaeus ya bayyana a 1758, yana da ido takwas: huɗu a jere a gaba, huɗu a baya kaɗan, biyu a kowane gefe. Wasu danginsa shida gare su. Amma ido ba abin dogaro ba ne shi kaɗai, don akan sami wanda ɗaya ya ɓace masa ko biyu suka haɗe. Sai a juya dabbar rigingine. Kowane matsattsaku namiji ne kuma mace ce a jiki ɗaya, yana da kafar namiji a gaba da ta mace a bayanta kaɗan, duka a ciki, ƙanana ƙwarai. Zobe nawa ne tsakanin kafofin biyu? Kafar a kan zobe take ko a cikin kwarin da ke tsakanin zobe biyu? Saboda wannan tambaya ta biyu ne ake samun rabi a lissafin. A Erpobdella octoculata zobe biyu da rabi ne, a ɗan'uwansa Erpobdella testacea huɗu ne. Dabbobi biyu da za su kwanta ƙarƙashin dutse ɗaya, tsawo ɗaya, launi kusan ɗaya, zobe ɗaya da rabi ne ya raba su. Aikin ya yi kama da na dattijon da ke duban tsagar fuska ya ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakatsine, alhali yaron da ke gefensa zane kawai yake gani.

Ga ɗalibin da ke Dutse akwai wani tarko a nan. Littattafan tantance matsattsaku da suka fi yawo an rubuta su ne don Turai da Amurka ta Arewa, inda dangin Erpobdellidae ke da rinjaye. Raphaël Blanchard, likita kuma masanin dabbobi ɗan Faransa, shi ya raɗa wa dangin suna a 1894, kuma mazauninsu ƙasashen arewacin duniya ne, har zuwa gaɓar Afirka ta Arewa. A sauran Afirka da kudancin Asiya da Ostireliya, wani dangi ne ke riƙe da wannan gurbi na farauta, Salifidae, wanda ya samo suna daga Salifa, jinsin da Blanchard ɗin ya bayyana a 1897 daga samfuran Gabashin Afirka. A ido dangin biyu kamar an tsaga kara. Ɗalibin da ya ɗauko siririn mafarauci daga Warwade ya bi littafin Turai, littafin zai kai shi ga Erpobdella cikin sauƙi, ya rubuta, ya wuce. Kama da wane ba ta wane. Wanda ya san aiki sai ya tsaga maƙogwaron da bakin reza a ƙarƙashin madubi, ya buɗe tudun nan uku ya duba goshinsu. A Salifidae akwai 'yan tsinkaye masu kaifi a wurin, ƙanana ƙwarai. A Erpobdellidae babu. Akwai ƙarin alamu: wasu ire-iren Salifa suna da ƙananan idanu na ƙari jere a gefen jiki, jinsin Barbronia kuma yana da ƙarin kafofi biyu a ciki, ɗaya gaban kafar namiji ɗaya bayan ta mace. Barbronia weberi, wanda asalinsa kudancin Asiya ne, ya bazu zuwa Turai da nahiyar Amurka da Ostireliya a jikin tsirran ruwa da ake sayarwa don ƙawata akwatunan kifi, kuma masu ƙirga kafofin nan ne suka gane cewa baƙo ya shigo.

Ƙwan mafarautan ma ya taɓa ruɗar manya. Dabbar takan fitar da wani ɗan kube daga fatar tsakiyar jikinta, ta zuba ƙwai da abincinsu a ciki, ta zare kanta, ta liƙa shi a jikin dutse ko ganye. Yakan taurara ya zama ɗan faffaɗan ƙunshi ruwan ƙasa, bai kai ƙwayar wake ba. Linnaeus da kansa ya ɗauka wani ƙwaro ne, har ya raɗa masa suna Coccus aquaticus. Wani matashi ɗan Suwidin, Torbern Bergman, wanda daga baya ya yi suna a ilimin sinadarai, shi ya zauna ya sa ido a shekarun 1750 har ya ga 'ya'yan matsattsaku suna fitowa daga ciki. Linnaeus ya duba, ya yi mamaki, ya karɓa. Ina son wannan labari saboda Bergman bai fi malaminsa kayan aiki ba. Zama ya yi ya jira.

Gwajin DNA ya shigo fagen, ya kuma tayar da ƙura. A 2002 Mark Siddall, wanda ke aiki a lokacin a gidan adana tarihin halittu na birnin Niyok, ya nazarci dangantakar Erpobdellidae ya ce jinsunan da aka daɗe ana rabawa bisa tsarin zobba, irin su Dina da Trocheta da Mooreobdella da Nephelopsis, ba rassa ne na gaskiya ba, a mayar da su duka cikin Erpobdella. Masana da yawa a Turai ba su bi shi ba, har yau suna rubuta Dina da Trocheta. A ganina wannan saɓani bai rage wa masu ƙirge daraja ba. Na'ura tana iya nuna cewa dabbobi biyu 'yan'uwa ne, amma sai an sami wanda ya duba jikin ya tabbatar da sunan abin da aka saka mata, in ba haka ba kuskure ne zai shiga rumbun bayanai ya yi ta haihuwa. A 2007 Siddall da abokan aikinsa sun nuna cewa matsattsakun da ake sayar wa asibitoci da sunan Hirudo medicinalis, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da amfani da shi a 2004 don taimaka wa jini ya gudana bayan tiyatar dashen fata ko yatsa, akasarinsu wani iri ne daban, Hirudo verbana. Ratsin bayansu da launin cikinsu sun bambanta, ana iya gani da ido. Shekara da shekaru ana cinikinsu, ba a tsaya an duba ba.

A ƙasar Jigawa wannan sani ba ado ba ne. Makiyayi ya san saniyar da ta sha ruwa a tafki ta dawo tana haɓo, tana atishawa da jini, tana ramewa. Akwai matsattsakun da ba sa iya huda fata mai kauri, sai su shiga hanci ko maƙogwaro tun suna ƙanana su manne a tattausan nama su yi ta girma. Limnatis nilotica shi ne ya fi suna a cikinsu, ya wahalar da sojojin Napoleon a Masar a 1799, kuma yana da dangi a wasu sassan Afirka. Yaro ma yakan gamu da wannan, kuma wurin likita ya kamata a kai shi, ba a fizga ba. Ko a ƙafa, ture faifan da farce ya fi gishiri ko wuta, don su kan sa dabbar ta amayar da abin cikinta a cikin raunin. Mai kiwon tarwada da ya ga matsattsaku a kandaminsa yana bukatar ya san ko mai tsotsar kifi ne, ko mafarauci ne da kifin ma zai cinye, kafin ya kashe kuɗi a kan magani. A Turai kuma yawan Erpobdella a rafi yana cikin alamun da masu auna lafiyar ruwa ke dubawa, don suna jure ruwan da ƙazanta ta rage wa iska. Kogin Haɗeja ya sauya hali tun bayan madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kacala ta cike hanyoyin ruwa da dama, wuraren da ke ƙafewa da rani suka koma riƙe ruwa. Ƙananan halittun da ke ƙarƙashin duwatsu da saiwoyi suna cikin masu fara amsa irin wannan sauyi.

Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, ba ta da nisa da Warwade, kuma kayan fara wannan aiki ba su fi ƙarfin sashen nazarin halittu ba: madubi, hantsaki, reza, sifirit, kwalabe. Masunta da Sarkin Ruwa sun riga kowa sanin gurbin da matsattsaku ya fi yawa, da watan da yake fitowa, da kifin da ake gani da shi, kuma ɗalibi mai ladabi da tambaya zai rage wa kansa rabin wahala. Bayan damina, ruwa ya fara ja, duwatsun gefe sun zo kusa da hannu, lokacin fita ke nan. Akan raba abin da aka samo gida biyu. Waɗanda za a ƙirga a kuma tsaga suna zama a sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, waɗanda za a kai gwajin DNA a mai kashi 95 ko sama. Kowace kwalba da takardarta: sunan wurin, kwanan wata, zurfin ruwa, ƙarƙashin me ko jikin wace dabba aka samu, launinsa yana da rai, da sunan wanda ya ɗauko. Da fensir ake rubutawa, don tawadar biro narkewa take a sifirit, kuma cikin kwalbar ake jefa takardar tare da dabbar, ba a bayanta ake liƙawa ba.